Tallafin jaridar kasuwanci: amsa ga mai koyon aiki a Gadarif ta ƙasar Sudan

Ɗana, abu biyu ka haɗa a tambayarka: ina mai bin labarin kasuwa da tattalin arziki zai samu kuɗin yin bincike mai zurfi, kuma ta ina ake samun gurbin karatu a waje, alhali shekararka biyu kacal a aikin, gidan da kake wa rubutu kuma ko kuɗin mota ba ya iya ba ka. Ka fara raba su. Kuɗin karatu ana ba mutum ne saboda aikin da ya riga ya yi. Kuɗin bincike kuwa labari ake ba, saboda abin da zai tono. Kai yanzu na biyun ne a buɗe gare ka, kuma ta nan ake bi a kai ga na farkon.

Na karatun ba zan tsaya a kansa da yawa ba, don lokacinka bai yi ba. Mafi suna a fanninmu shi ne Knight-Bagehot na Jami'ar Columbia a New York, wanda aka kafa a 1975. Mutum goma yake ɗauka a shekara ko ƙasa da haka, ya biya musu kuɗin makaranta da na zama, su yi shekarar karatu guda suna shiga darussan kasuwanci da shari'a da tattalin arziki, amma sai wanda ya yi aƙalla shekara 4 a aiki. Cibiyar Reuters da ke Oxford shekara 5 take nema. Chevening na gwamnatin Birtaniya, mai biyan digiri na biyu na shekara ɗaya, yana son digiri na farko, da aikin shekara 2, da alkawarin komawa gida na shekara 2 bayan an gama. Dukkansu da Turanci ake yi, kuma jami'o'in za su nemi shaidar jarrabawar Turanci irin IELTS. Mu nan Larabci ne harshen makaranta, don haka abin da zai amfane ka a wannan ɓangaren tun yanzu shi ne awa ɗaya kullum a kan Turancin lissafin kuɗi: karanta kasafin gwamnati da rahoton banki. Duk dillalin da ya ce ka ba shi wani abu ya samar maka gurbi, ɓarawo ne. Kai tsaye ake nema.

To, kuɗin bincike. Mafi kusa da kai ita ce ARIJ, ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta ƙasashen Larabawa, wadda aka kafa a 2005 a Amman. Da Larabci take karɓar shawara, kuma ban da kuɗi tana haɗa ka da edita mai bin aikinka, a tantance kowace hujja kafin a buga. Ga mai shekara biyu, wannan editan ya fi kuɗin daraja. Sai Pulitzer Center ta Washington, mai biyan kuɗin tafiya da sauran ɗawainiyar aiki, wadda ke son a nuna mata tun farko inda labarin zai fito. Tallafin McGraw na Jami'ar Birnin New York na jaridar kasuwanci ne zalla, yana kaiwa dala 15,000, amma shi ma shekara 5 yake nema, sai ka ajiye shi a rai. Ka riƙa duba jerin damarmakin da GIJN, haɗakar ƙungiyoyin 'yan jarida masu bincike ta duniya, ke fitarwa, akwai na Larabci. Kafin ka ɓata dare kana cike takarda, tabbatar shirin yana raye, domin tun da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, shirye-shirye da dama sun tsaya ko sun rage hannu.

Inda galibin masu nema ke faɗuwa shi ne shawarar labarin kanta. Sukan rubuta "ina so in yi bincike a kan matsalolin noman riɗi a Sudan". Wannan maudu'i ne, babu wanda zai sa kuɗinsa a kai. Abin da ake so hasashe ne, jimla ɗaya da za a iya tabbatarwa ko a ƙaryata. Ga misali daga ƙofar gidanka: manomin da ya ci bashin shel a damina yana biya da riɗi a farashin da ɗan kasuwa ya yanke tun kafin girbi, kuma tazarar da ke tsakanin wannan farashi da na kasuwar amfanin gona ta Gadarif ta zarce abin da bankin noma ke ci a cinikin salam, wato inda banki ke biyan kuɗin amfanin gona tun kafin girbi. Kana iya zama daidai, kana iya kuskure, amma akwai abin aunawa. Sai ka faɗi yadda za ka auna: manoma talatin a ƙauyuka uku, abin da kowanne ya karɓa a Yuli da kintar nawa ya mayar a Nuwamba, farashin kintar a kasuwa kowace rana cikin waɗannan makonni, da littafin bashi na ɗan kasuwa ko da biyu ne. Ka rubuta cewa kintar kusan kilo 45 ne, don mai karanta takardarka a Amman ko Washington bai san ma'auninmu ba. Idan za ka bi riɗin har Fot Sudan, ka kwatanta abin da Babban Bankin Sudan ya ce an fitar da abin da ƙasashen da ke saye, irin su Sin, suka ce ya shigo musu a rumbun Comtrade na Majalisar Ɗinkin Duniya. In an samu tazara mai yawa, tambaya ce ka samu, ba hukunci ba, don kuɗin jirgi da inshora da bambancin lokacin lodi da sauke kaya duk suna kawo saɓani.

Ka kuma faɗi mafi ƙarancin abin da za ka kawo ko da hasashen ya rushe. Mai ba da kuɗi yana so ya san ba zai tashi a tutar babu ba.

Kada ka manta da abin da kai kaɗai ke da shi. Kana jin Hausa da Larabci, manoman garuruwanmu za su buɗe maka baki a kan bashinsu yadda ba za su yi wa baƙo daga Khartoum ba. Rubuta wannan ƙarara, hujja ce ta cewa kai ne za ka iya aikin.

Kasafin kuɗi kuwa da dala za ka yi shi, ka sa farashin canjin da ka yi amfani da shi da ranar, domin fam ɗinmu na iya zubewa tsakanin ranar da ka tura da ranar da aka biya. Kowane layi da lissafinsa: tafiya nawa, kwana nawa a masauki sau nawa, kuɗin intanet, ladan wanda zai raka ka ƙauye, ladan wanda ya iya lissafi zai duba alƙalumanka. Ƙara kashi 10 cikin 100 na abin da ba a zata ba. Kada ka kumbura, masu dubawa sun san farashi. Kada kuma ka rage don a tausaya maka, aikin zai tsaya a tsakiya. Direban bas da mai raksha ba sa ba da rasit, don haka ka riƙe littafi: rana, daga ina zuwa ina, nawa, da sa hannu in ya samu. Ka tambaya tun kafin ka sa hannu yadda kuɗin zai iso, saboda duk da an cire Sudan daga jerin ƙasashe masu goyon bayan ta'addanci a Disambar 2020, bankunan waje da yawa har yanzu suna ɗari-ɗarin turo kuɗi. Wasu masu tallafin kuma rabi suke bayarwa a farko, sauran sai aiki ya kammala, sai ka tsara tafiyarka a kan rabin. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ana tambayar tsarin kare kai: wace hanya za ka bi, wace takardar izini ke hannunka, wa ya san inda kake. Sunayen manoman da suka yi maka magana a kan wanda ke bin su bashi kada su zauna a wayar da ake iya buɗewa a shingen bincike.

Abin da ya fi damuna a kanka shi ne hannun da ke miƙo kuɗin. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin fitar da riɗi, ko banki, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, idan suka ce za su ɗauki nauyin wannan labarin, ka ƙi, ko da sun kira shi horo ko kuɗin mota. Ko a wajen masu tallafi na gaskiya, karanta yarjejeniyar layi-layi: wa ke da ikon cewa a cire wani abu, za su nemi sunayen majiyoyinka, za ka iya buga labarin da Hausa a rediyo bayan ya fito da Larabci? Kuma a ƙasan labarin a rubuta wanda ya biya.

Game da lokaci, ka tura shawarar kafin a fara shuka a Yuni ko Yuli, don amsa kan ɗauki makonni, girbi kuma ba ya jira. Ka tanadi aikinka uku da aka riga aka buga, da wasiƙar editanka cewa zai buga wannan. Farashin kintar kuwa ka fara rubutawa daga gobe, tallafi ya zo ko bai zo ba. Idan ka gama daftarin, kawo mini mu duba hasashen tare kafin ka tura.