Kunnuwan zomo da dila don wasan yara: yaya za a yi su tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce. Za mu yi wasan kwaikwayo na tatsuniya ranar bikin ƙarshen zango, a ciki akwai zomo da dila da kura. Na samo yadin nan mai gashin roba na yanka kunnuwa, sai gashin ya yi ta zuba, kunnuwan kuma suka ƙi tsayawa, suna langaɓewa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri kan wannan hidima da kike wa yara. Matsalolin biyu ne, kowacce da maganinta.

Zubar gashin daga almakashi take. Wannan yadi bayansa saƙa ce, aka dasa mata zaren roba, akasari akirilik ko foliyesta. Idan kika sa almakashi kamar yadda ake yanka atamfa, to har gashin kike datsewa, bakin ya fito a gundule. Kifa yadin za ki yi, bayansa ya kalli sama, ki zana siffar kunnen da alli, sannan ki bi zanen da sabuwar reza a hankali. Saƙar kawai za ki tsaga, kada ki danna. Daga nan ki ja da hannu, gashin zai rabu da kansa ba tare da ya gutsure ba.

Kafin zanen, ki shafa yadin ki ga inda gashin ya kwanta, ki ja kibiya a baya. A kunne, gashi daga gindi yake tafiya zuwa tsini. In aka juya shi, ko ɗinkin ya yi kyau, ido zai ga wani abu bai zauna ba. Ki yanki samfurin a kwali, in kin zana na dama ki kifa kwalin ki zana na hagu, ki bar rabin inci a gefe don ɗinki.

Tsayuwa kuwa ba aikin gashi ba ne, sai an yi wa kunnen ƙashi. Na dila da na kura gajeru ne, inci huɗu ya ishi kan yaro, don haka siririn soso mai tauri ko robar murfin tsohon bokiti ta wadatar. Na zomo shi ne mai rigima, domin yakan kai inci tara zuwa goma. Shi sai waya: ki lanƙwasa ta da filaya ta bi gefen kunnen, ki bar rarar inci uku a ƙasa da za a naɗe a jikin maɗaurin da zai riƙe kunnen a kan yaro. Ina roƙonki, ki murɗe bakin wayar ya koma ciki, ki naɗe shi da salatif sosai. Yara za su yi tsalle, za su yi karo da juna, bakin waya kusa da ido ba abin wasa ba ne.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne ninkin gindi. Kunnen dabba ba shimfiɗe yake ba, yana da kwarmi kamar ludayi. Bayan kin haɗa bayan mai gashi da cikin, wanda ƙyalle mai laushi ruwan hoda ko fari ya isa, ki juyo shi, ki zura ƙashin, sai ki kama gefunan gindin biyu ki matso su gaba su kusa haɗuwa, ki ɗinke da zare mai ƙwari. Wannan ninkin shi ke ba kunne ƙarfin tsayuwa, shi ne kuma ke sa na bayan aji ya gane dabbar tun kafin yaro ya buɗe baki. Na dila ki ninke shi sosai, tsininsa a sama. Kura mai ɗige-ɗige kunnenta a zagaye yake, ninki kaɗan take so, kuma a ɗan sauko da shi gefen kai.

Wajen ɗinki, ki riƙa tura gashin ciki da yatsa. In kin juyo, ki bi layin da bakin allura ki zaro wanda ya maƙale, ɗinkin zai ɓace. Idan gashin ya yi tsawo har ya haɗiye siffar kunnen, ki rage shi da injin aski, kaɗan-kaɗan, ta inda ya kwanta.

Batun ɗaurawa: abin kama gashi na roba yana zamewa a kan hijabi. Gara ki ɗinka kunnuwan a jikin faffaɗar roba mai talewa, irin ta ƙugun siket, ko a jikin hular sanyi. Gam ɗin kyandir, wanda ake narkarwa a manna abu da shi, yana taimakawa, amma kada ki dogara da shi kaɗai, ki bi da allura.

Wannan gashi ba ya kama rini irin na auduga. In kina son baƙin tsini ko ɗigon kura, ki tsinka fentin akirilik da ruwa, ki shafa da tsohon buroshin haƙori, ki taje kafin ya bushe don kada ya dunƙule. Dutsen guga kuma kada ya taɓa shi, narkewa yake yi, kuma a nisanta yaran da wuta muddin suna sanye da shi.

Idan yadin da kika saya ya ƙare, ba sai kin sake sayen sabo ba. Ki leƙa wajen masu gwanjo, in kina Kano akwai Kasuwar Ƙofar Wambai: wuyan tsohuwar rigar sanyi ko babbar 'yar tsana mai gashi za ta ba ki kunnuwan yara biyu ko uku. Ki wanke da ruwan sanyi, ki shanya a inuwa, ki taje, sannan ki fara da na dila, tunda shi ya fi sauƙi, kafin hannunki ya faɗa ki shiga na zomo.