Tambaya da Amsa: Maigidana Zai Koya wa Ɗanmu Harbi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Maigidana maharbi ne, gadon gidansu ne, kuma tun da tsaro ya taɓarɓare a yankinmu yake fita sintiri da dare tare da 'yan banga. Bindigarsa ta toka kullum tana jingine a bayan ƙofar ɗakinsa, a ɗure. Babban ɗanmu shekararsa 11, kuma idonsa na kanta. Yanzu uban ya ce bayan kaka zai fara koya masa harbi, wai shi ma a wannan shekarun aka koya masa. Da na yi magana sai ya ce ba harkar mata ba ce. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini. Yaya zan yi?

Wata uwa, daga Jihar Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya dawo mana da zaman lafiya. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duk sau biyun a wuri ɗaya na yi tuntuɓe, inda kika ce "a ɗure". Koyon harbi sai bayan kaka, amma ita wannan bindigar yau ma tana bayan ƙofa.

Kakana na wajen uwa maharbi ne. Ina da kamar shekara 10 na fara bin sa daji, kuma shekara uku cur ba ni da aiki sai rataya burgami da goran ruwa, ina tafe a bayansa. Wata ranar hantsi a tsakar gida ya ce a miƙo masa takalminsa, ni kuma don neman suna na haɗo da bindigar. Garin juyowa bakinta ya ratsa ta saitin ƙanena da ke zaune yana shan koko. Tsohon ya daka mini tsawar da har kaji suka watse. Na ce, "Baba, ai ba komai a ciki." Bai tanka ba. Ya zaro sandar ɗuri, wadda ya yi wa tsaga da wuƙa daidai inda take tsayawa idan bindigar wayam take, ya zura ta. Sai da ta rage kusan yatsa uku ba ta kai tsagar ba. Ɗurin shekaranjiya ne, shi kansa ya manta da shi. Duk ranin nan bai sake fita da ni ba.

Halin bindigar toka ke nan. Ta baki ake ɗura ta: albarushi, a danna tsumma, a zuba 'ya'yan ƙarfe, a sake dannawa. Ba a karya ta a leƙa ciki, don haka ido ba ya gane mai ɗuri da marar ɗuri. Idan albarushi ya sha danshi, musamman da damina, takan ƙi tashi a lokacin da aka taɓa kunama, ta bari sai mutum ya sauke ta yana dubawa sannan ta tashi. Wanda kuma ya manta ya yi ɗuri a kan ɗuri, bututun kan tsage masa a hannu, balle irin waɗanda maƙera ke haɗawa da bututun ruwa. Babba ma sai da lura, ina ga yaron da ke ɗokin nuna wa abokansa kayan babansa?

To ta nan za ki fara, kuma ba a gaban yara ba. Roƙe shi alfarma ɗaya: duk lokacin da bindigar ba ta hannunsa, ta kasance a kulle, a akwati mai kwaɗo ko a ɗakin da makullinsa ke aljihunsa, albarushin kuma a wani wurin daban, nesa da murhu da ashana. Na san abin da zai ce, idan aka kawo hari cikin dare babu lokacin neman makulli. Yana da gaskiya, kada ki yi masa musu. Sai dai da dare ai tana kafaɗarsa. Lokacin da kike tsoro shi ne rana, sa'ad da ya dawo a gajiye yana barci ko ya tafi gona, yara kuma suna shige da fice. In ya ƙi sauraronki, ki bi ta wajen surukinki ko yayansa, ko wani dattijo cikin maharban garin. Su ba za a ce musu ba harkarsu ba ce.

Maganar shekaru kuwa hukuma ta riga ta yanke. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sandan jiha ikon hana riƙe ko da bindigar toka ce ba tare da lasisi ba, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisin bindiga. In kuma ta fuskar addini zai fi ji, tuna masa cewa Annabi (SAW) ya mayar da Abdullahi ɗan Umar gida ranar Uhudu yana da shekara 14, sai ranar Handaƙ da ya kai 15 ya yarda masa. A lokacin nan kuwa Musulmi na bukatar ko da mutum ɗaya ne ƙari.

Ban ce a rufe wa yaron ido ba. Ɗan maharbi da aka hana shi ko kallo, ranar da ya samu ɗaki ba kowa zai je ya gane wa kansa. Bari uban ya zaunar da shi lokacin da yake goge bindigar, bayan ya tabbatar wayam take, ya nuna masa inda bakinta ke kallo, ƙasa ko sama, ba ya taɓa bi ta kan mutum ko da wasa. Ya karantar da shi hadisin da ya ce wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe mala'iku na la'antarsa har sai ya daina, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ya kuma sani cewa in ya tarar da bindiga a ajiye, a gidanku ko gidan wani, ba ya taɓawa, fita zai yi ya kira babba.

Ke kuma ki sa ido a kan danƙonsa. Yana ɗame shi ya nuna ƙannensa don ya ba su tsoro? Yana harbin tsuntsu a kan katangar da mata ke daka a bayanta? In haka ne, sai ki faɗa wa uban ya fara gyara wannan tukuna.

TAMBAYA: Malam, ƙanena ɗan shekara 16 ya samo laya wai ta maganin bindiga, abokansa suna zuga shi a gwada a jikinsa. Me ka gani?

Wani ɗalibi, daga Gusau

AMSA: Ɗana, kada ka jira fitowar mujalla ta gaba, ka gaya wa mahaifinku yau. An yi jana'izar mutane da dama a kan wannan gwajin, manya ma ba yara ba, kuma wanda ya harba shi ke amsa tuhumar kisa a gaban alƙali, wanda ya ba da layar ya tsere. A karɓe layar, sannan a binciko cikin abokan nan wane ne ke da hanyar samun bindiga, a je a sami iyayensa.