Tambaya da Amsa: Jami'ar da Ke Cin Kofi, Tana Yaye Ɗalibai Kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 18, tun yana ƙarami yake buga ƙwallon kwando a nan Zariya. Yanzu jami'o'i biyu a Amurka sun ce za su ɗauki nauyin karatunsa in zai buga musu. Ɗaya tana zuwa babbar gasa kusan kowace shekara, ɗayar kuwa ko sunanta ban taɓa ji ba. Shi hankalinsa na kan ta farkon, ni kuma digiri nake so ya dawo min da shi. Shin makarantar da ta iya cin kofi ita ce ta iya yaye ɗalibai?
Daga wani uba, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka.

Ba zan ɓoye maka ba: kofi daban, digiri daban. Wani lokaci suna haɗuwa a gida ɗaya, wani lokaci ko hanya ba ta haɗa su.

Na tuna daren watan Afrilun 2014. Wajen ƙarfe biyun dare agogonmu na tashi, na haɗa shayi, na rage ƙarar talabijin don kada yara su farka, na zauna kallon wasan ƙarshe na gasar jami'o'i, wadda suke kira March Madness. Jami'ar Connecticut ta doke Kentucky da ci 60 da 54. Da aka miƙa wa jagoran 'yan wasan Connecticut, Shabazz Napier, makirufo, sai ya ce abin da ke faruwa ke nan idan aka dakatar da su. Tsikar jikina ta tashi, don na san labarin. Wannan makaranta ta ci kofi a 2011, amma a 2013 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta hana ta shiga gasar saboda makin karatun 'yan wasanta na shekarun baya ya yi ƙasa. Kofi biyu cikin shekara huɗu, da hukuncin rashin karatu a tsakiya. Abin da ya fi min ciwo, yaran da aka hana wasa ba su ne suka jawo ba, na gabansu ne.

Makin da ake magana sunansa APR. Ana ba kowane ɗan wasa maki idan ya ci gaba da zama a makaranta kuma ya ci darussansa, sai a haɗa na ƙungiya gaba ɗaya bisa 1,000. Iyakar da aka sa ita ce 930, wanda a ƙiyasin hukumar ya yi daidai da rabin 'yan wasa su kammala. Ka ji fa, Alhaji, rabi. Tun a 2010 ministan ilimin Amurka na lokacin, Arne Duncan, ya nemi a hana duk ƙungiyar da ba ta yaye kashi 40 cikin ɗari shiga gasar.

In ka tambayi makarantar da ke zawarcin ɗanka, za ta nuna maka alkalumma masu ƙyalli. Ka tambaye su wane lissafi ne, don iri biyu ne. Na gwamnatin tarayya yana duba yaran da suka shiga, nawa ne suka fita da digiri daga wannan makarantar cikin shekara shida. Wanda ya bar ta, ko don me, bai gama ba ke nan. Na NCAA kuwa, GSR, yana cire duk wanda ya tafi ba tare da bashin darasi a kansa ba, kamar bai taɓa zuwa ba. Shi ya sa ƙungiya za ta iya nuna sakamako mai kyau alhali taurarinta duk sun watse. Tun 2006 dokar NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka, ta ce sai yaro ya kai shekara 19, kuma ya yi shekara ɗaya da gama sakandare, kafin a ɗauke shi. Sai jami'a ta zama zango. Kentucky ta ci kofin 2012 da Anthony Davis da Michael Kidd-Gilchrist, dukansu 'yan shekarar farko, kuma bayan 'yan watanni aka ɗauke su na ɗaya da na biyu a NBA. Su ban ga laifinsu ba, arziki ne ya kira. Amma mutum 60 kacal ake ɗauka a shekara, daga duniya baki ɗaya, alhali gasar jami'o'in kanta ƙungiyoyi 68 ke shigarta. Damuwata yaron da ke zaune a benci ne, wanda ya sha tafiye-tafiye da atisaye iri ɗaya da tauraro, amma babu mai kiransa.

Ko digirin ma sai an duba cikinsa. A 2014 wani bincike da Jami'ar North Carolina ta sa aka yi ya gano cewa daga 1993 zuwa 2011 ɗalibai wajen 3,100, kusan rabinsu 'yan wasa, sun ɗauki darussan da babu shiga aji, takarda ɗaya kawai za ka miƙa a ba ka maki mai kyau. Makarantar ta ci kofi a 2005 da 2009. Ganin kitse ake yi wa rogo.

Kada in kashe maka gwiwa, ana iya haɗa su. Emeka Okafor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya gama digirin harkar kuɗi cikin shekara uku a wannan Connecticut ɗin, ya ci kofin 2004, aka ɗauke shi na biyu a NBA. Jalen Brunson ya ci kofi biyu da Jami'ar Villanova, 2016 da 2018, shi ma ya gama cikin shekara uku. Stephen Curry ya bar Kwalejin Davidson a 2009, amma ya koma ya ƙarasa a 2022. Ga kuma ɗan garinku, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya: ƙaramar kwaleji ya je a North Dakota, bai taɓa buga NBA ba, amma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Ka gaya wa ɗanka wannan in ya raina makarantar da ba a san sunanta ba.

Shawarata, ka nemi a haɗa ka da kociyan kowace makaranta ta waya, yaron na zaune a gefenka. Ka tambaye shi: yaran da ka ɗauka shekara shida da suka wuce, nawa ne suka gama a nan, kuma me suka karanta? In ɗana yana son injiniya, kuma darasin ɗakin gwaji ya ci karo da lokacin atisaye, wanne za a ɗaga? Tallafin na shekara huɗu ne, ko duk shekara ake sabuntawa? In gwiwarsa ta samu matsala, ko kai ka bar aikin, me zai faru da karatunsa? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci gare mu, don bizar ɗanka a kan karatu take rataye. Yaron Amurka in an sallame shi gida zai koma, naka kuwa jirgi zai hau.

Kociyan da ya kira maka sunayen tsofaffin yaransa, ya faɗi inda kowa yake aiki, ka saurare shi da kyau. Wanda ya koma lissafa maka kofuna, ka sake maimaita masa tambayar. Kuma duk abin da suka amsa, ka ce a aiko maka a rubuce kafin yaron ya sa hannu.