Amsar Tambaya Kan Rai Biyu a Koyarwar Baɗini ta Yahudawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamanmu da iyayenmu da ke cikin wannan zaure, da sauran 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Wannan amsa ce ga tambayar da ƙanenmu ya ajiye jiya da dare, inda ya ce ya saurari wani malamin Yahudawa a YouTube yana cewa kowane mutum a cikinsu yana da rai biyu, kuma baƙin ciki yana rushe ibada ko da a kan zunubi mutum yake yin sa. Ya nemi a gaya masa inda maganar ta samo asali da abin da suke nufi da ita. Zan yi bayanin abin da mutanen suke koyarwa ne kamar yadda yake a wurinsu, sannan in faɗi nawa ra'ayin a inda ya kamata.

Ƙanena, abu na farko shi ne wannan magana ba ta dukkan Yahudawa ba ce. Ta fito daga ilimin baɗini da suke kira Kabala, wanda babban littafinsa, Zohar, ya bayyana a ƙasar Sifaniya a ƙarshen ƙarni na 13. Mabiya suna jingina shi ga wani malami na ƙarni na 2 mai suna Shimon bar Yohai, masu binciken tarihi kuwa suna ganin Musa de Leon ne ya rubuta mafi yawansa. Daga baya wani malami, Ishaƙu Luriya, wanda ya rasu a garin Safad a 1572, ya sake tsara ilimin, almajirinsa Hayim Bital ya rubuta shi. A ƙarni na 18 sai tafarkin Hasidi ya taso a yankin da ake kira Yukiren a yau, a hannun Ba'al Shem Tob wanda ya rasu a 1760, ya fitar da wannan ilimi daga ɗakin ƙwararru zuwa ga talakawa. Maganar da ka ji, da irin kalmomin da ka ambata, ta Rabbi Shine'ur Zalman ce na garin Liyadi, wanda aka haifa a 1745 ya rasu a 1812. Shi ne ya kafa reshen Hasidi da ake kira Habad, kuma littafinsa Tanya an fara buga shi a garin Silabuta a 1796, ba tare da sunansa a bango ba.



Abin da Tanya ta ɗauko daga Hayim Bital shi ne akwai rai na dabba da rai na Ubangiji. Rai na dabba shi ne ke rayar da jiki, mazauninsa jini ne, musamman ɓangaren hagu na zuciya. Kada ka ɗauka shi Shaiɗan ne, domin a wurinsu ya fito daga wani mataki da alheri da sharri suka cakuɗu a cikinsa, har ma tausayi da kyauta na ɗabi'a daga gare shi suke. Matsalarsa guda ce, kansa kawai ya sani. Munanan halayensa sun kasa su bisa asalai huɗu na halitta: fushi da girman kai daga wuta, saboda wuta sama take yi, kwaɗayin jin daɗi daga ruwa, saboda ruwa ne ke tsirar da kayan marmari, wargi da fahariya da surutun banza daga iska, kasala da ƙuncin zuciya daga ƙasa. Ka riƙe wannan na ƙarshen, domin tun a babi na farko an riga an ajiye baƙin ciki a layi ɗaya da fushi da girman kai, ba a ajiye shi a layin tsoron Allah ba.

Rai na Ubangiji kuwa mazauninsa ƙwaƙwalwa ce, daga nan yake sauka zuwa ɓangaren dama na zuciya. Yana da ƙarfi goma, uku na hankali, bakwai na halayen zuciya. Na hankalin su ne hokma, wato walƙiyar fahimta ta farko. Bina, wato faɗaɗa abin da aka fahimta har ya fito fili da rassansa. Da da'at, wato ɗaure zuciya ga abin da aka fahimta har ya zama ya shafi mutum. Daga haruffan farko na waɗannan ukun aka haɗa sunan Habad. Bakwai ɗin kuwa tushensu biyu ne, ƙauna da tsoro, sauran rassa ne.

A nan ne nake so a tsaya a saurara da kyau, domin duk ginin a kan wannan yake. Littafin ya kira ƙarfin hankali uku ɗin iyaye mata, ya kira halayen zuciya 'ya'ya. Ma'anarsa, ƙauna da tsoro ba daga sama suke faɗowa kan mutum ba, haifar su ake yi. Idan mutum ya zauna ya zurfafa tunani kan girman Mahalicci, cewa Shi ke rayar da komai a kowane lokaci kuma komai ba a bakin komai yake ba a gabansa, wannan tunanin zai haifar da kwarjini da kunya, daga baya ya haifar da bege. Idan kuwa aka fahimta amma ba a ɗaure hankali a kai ba, abin da za a samu shauƙi ne na ɗan lokaci wanda ba ya kai wa ga aiki. Shi ya sa mabiya wannan tafarki suka shahara da yin dogon tunani kafin addu'ar safe, kuma shi ya bambanta su da wasu rassan Hasidi na ƙasar Folan, waɗanda suka fi dogara ga zafin zuciya da albarkar shehinsu. Shine'ur Zalman ya ɗora wa kowane almajiri nauyin yin aikin da kansa, bisa ƙa'idar da ya ɗauko daga Zohar cewa a halitta ƙwaƙwalwa ce ke mulkin zuciya.

To amma ina iyakar wannan mulkin? Littafin ya kasa mutane uku. Akwai salihi na ƙwarai, wanda ya juya ransa na dabba gaba ɗaya har bai ƙara sha'awar saɓo ba, kuma irinsa kaɗan ne ƙwarai, baiwa ce da ba kowa ake ba ba. Akwai fajiri, wanda ko sau ɗaya ransa na dabba ya rinjaye shi a aiki ko magana ko tunanin ganganci, har sai ya tuba. Sai na tsakiya, wanda suke kira benoni, kuma dominsa aka rubuta littafin, har ɗaya daga cikin sunayen littafin shi ne littafin matsakaita. Mu da mun ji matsakaici sai mu ɗauka wanda ladansa da zunubinsa suka yi kunnen doki ne. A nan ba haka ba ne. Matsakaici shi ne wanda har yanzu yana jin sha'awa, yana jin fushi, yana jin hassada tana taso masa, amma ba ya barin ko ɗaya ta fito. Rai yana da tufafi uku da yake bayyana da su, wato tunani da magana da aiki, kuma matsakaici ya hana rai na dabba sanya ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ya faɗo masa a zuciya ba da nufinsa ba, ba a kama shi da shi, amma ya zauna yana juya shi yana jin daɗinsa, wannan zaɓinsa ne. Lokacin addu'a sharrin da ke cikinsa yakan yi barci, da ya idar sai ya farka, haka kullum har tsufa.

Saboda haka amsar da littafin ya bayar ita ce ba a umarci talaka ya sauya abin da zuciyarsa take ji ba, an umarce shi ya mallaki abin da yake tunani da faɗa da aikatawa, kuma wannan yana hannun kowa a kowace sa'a. Ayar da aka sa a bangon littafin ta Attaura ce, Maimaitawar Shari'a 30:14, mai cewa al'amarin yana kusa da kai ƙwarai, a bakinka da zuciyarka, domin ka aikata shi. A babi na 27 ya ƙara da cewa wanda ya shekara da shekaru yana wannan fama kada ya karaya, domin mai yiwuwa don faman aka halicce shi, kuma mai jin haushin cewa har yanzu mugun tunani yana zuwar masa, girman kai ne ke damun sa, ya ɗauki kansa a matsayin da bai kai ba.

Game da abin da suke kira bauta, babi na 15 ya kawo wata magana daga Talmud, wato babban kundin shari'a da zantukan malaman Yahudawa na da. A zamanin da, al'adar ɗalibai ita ce su maimaita darasi sau 100, sai Talmud ta ce wanda ya maimaita sau 100 ba a kiran sa mai bauta wa Allah, wanda ya yi sau 101 shi ake kira. An ba da dalili da kasuwar masu jakuna, inda ake biyan zuz ɗaya, wato wani kuɗin zamanin, ladan tafiyar farsa 10, farsa kuwa ma'aunin nisan hanya ce, amma farsa 11 sai an biya zuz biyu, saboda ta wuce abin da aka saba. Wanda aka halicce shi da sanyin hali da son karatu, bai taɓa saɓo ba domin babu abin da ke jan sa, mutumin kirki ne, amma a ma'aunin wannan littafi bai fara bauta ba sai ranar da ya tilasta wa kansa abin da ya fi sabonsa. Alarammomin da ke cikinmu sun san bambancin tilawar da baki ya saba da ita da wadda aka ƙara bayan gajiya.

Sai batun baƙin ciki, wanda shi ne rabin tambayarka na biyu. Babi na 26 ya buga misali da 'yan kokawa biyu: idan ɗaya ya shiga fili da nauyin jiki da kasala, za a kayar da shi ko da ya fi ƙarfi. Haka yaƙi da son zuciya, ba a cin sa sai da kuzari, kuzari kuwa daga farin ciki yake zuwa. Amma sun raba abu biyu. Akwai ƙunci mai kashe zuciya, wanda ke sa mutum ya kwanta ya ce ba shi da amfani, wannan suna ƙin sa ko da a kan zunubi ne. Akwai kuma ɗacin rai mai motsi, wanda ke tayar da mutum ya gyara, wannan suna karɓar sa da sharaɗin a ware masa lokaci, mutum ya zauna ya yi wa kansa hisabi, ya nemi gafara, ya yarda an gafarta masa, ya tashi da farin ciki. Idan nadamar zunubi ta faɗo wa mutum yana tsakiyar addu'a ko yana tsakiyar ciniki a kasuwa, littafin ya ce wannan dabarar son zuciya ce, tana so ta karya shi ne domin ya koma neman lallashi a wurin sha'awa. Haka nan baƙon tunani a cikin addu'a, shawararsa ita ce kada a tsaya gardama da shi, a yi kamar ba a ji ba, a ƙara mayar da hankali kan kalmomin da ake faɗa. Wanda tunaninsa bai kai ya haifar da ƙauna mai zafi ba, an ce masa akwai ɓoyayyiyar ƙauna da ya gada daga Ibrahim da Ishaƙu da Yaƙubu, tuna ta kawai ya ishe shi ya yi aiki.

Na san masu karatun tasawwufi a cikinmu tun ɗazu suna tuna nafsul ammara da lawwama da muɗma'inna, da muhasaba da mujahada. Kamannin gaskiya ne, kuma akwai tsohuwar cuɗanya a tarihi: Bahya ibn Fakuda, Bayahuden Andalus na ƙarni na 11, ya rubuta littafinsa kan farillan zukata da Larabci yana amfana da zantukan masu zuhudu na Musulmi, Ibrahim ɗan babban malamin Yahudawa Musa bin Maimun kuma, wanda ya rasu a Masar a 1237, ya yaba wa sufaye a fili. Sai dai kada kamanni ya rufe mana bambanci. Babi na 2 na Tanya ya ce rai na biyu wani yanki ne na Allah a zahiri, mu kuwa a aƙidarmu ruhi halitta ne, Allah ba ya rabuwa yanki-yanki. Bugu da ƙari, ƙarshen babi na farko ya keɓe wannan rai ga Yahudawa, ya yi magana mai kaushi kan rayukan sauran al'ummai. Wannan wuri ne da Yahudawa da yawa su da kansu suka soka, suna kafa hujja da tsohuwar koyarwarsu cewa salihan kowace al'umma suna da rabo a lahira, wadda Musa bin Maimun ya tabbatar a littafinsa na shari'a. Ban ga dalilin ɓoye wannan ba, ban kuma ga dalilin ɗora shi a kan duk Bayahude ba.

Ko a zamanin Shine'ur Zalman ma tafarkin bai sha da daɗi ba. Manyan malaman garin Bilna sun yanke hulɗa da 'yan Hasidi tun 1772, a 1798 kuma aka kai ƙarar Shine'ur Zalman wurin gwamnatin Rasha, aka tsare shi kwana 53 a birnin Fitasbag kafin a sake shi. A yau cibiyar Habad tana Buruklin a birnin New York, kuma mabiyanta suna karanta wani yanki na littafin kowace rana har su sauke shi a shekara.

A ganina, ƙarfin wannan koyarwa yana wurin da ta raba abin da zuciya ke ji da abin da mutum ke zaɓa, domin ta cire wa mai fama da waswasi nauyin da ba nasa ba. Rauninta kuma shi ne ma'aunin matsakaicin ya yi tsauri ƙwarai, tunda wanda bai taɓa barin ko tunanin banza ya zauna masa ba shi ne kawai ya kai, kuma mutum mai rauni zai iya karanta wannan ya faɗa cikin ƙuncin da littafin yake hana shi.

Ɗan'uwan da ya yi tambaya kan komowar rai cikin wani jiki, wadda suke kira gilgul, ya yi haƙuri, wannan tana buƙatar saƙo nata daban, zan aiko da shi bayan Juma'a in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.