Daga Legas zuwa Kano a jirgin sama: nisa da lokaci

Malam, ka tambayi nisan da ke tsakanin filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja da na Malam Aminu Kano, da awa nawa ake yi. A miƙe ta sama kusan kilomita 830 ne. Jirgin da ba ya yada zango yakan yi awa ɗaya da minti 20 zuwa awa ɗaya da rabi. Lokacin da ke kan tikiti yakan ɗara haka, don an haɗa da gangarawa zuwa titin tashi da jiran izini daga hasumiya.

Duba tikitinka da kyau. Wani jirgin sai ya sauka Abuja tukuna, tafiyar ta koma awa uku ko fiye. Sannan tashoshin jiragen cikin gida biyu ne a Ikeja, MMA2 da tsohuwar GAT, kowane kamfani da inda yake lodi. Mutum da jakunkuna niƙi-niƙi ya faɗa wadda ba tasa ba, kafin ya gyara an rufe kantar tantance fasinjoji.

Abin da ke cin lokaci a ƙasa yake. Daga Agege kusa ne, amma mai tasowa daga Obalende ko Idi-Araba ya ware wa go-silo awa biyu, ya isa filin da saura awa biyu, katin shaida a hannu.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe Kano, direba ba ya hango titin sauka, sai a jinkirta ko a soke tashi. Jirgin safe ya fi tabbas, na yamma shi ke gadon lattin sauran.