Shamuwa Ta Sauka, Hotona Ya Ƙi Fita

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ƙauyenmu yana kusa da Argungu. Duk ƙarshen bazara shamuwa kan yi sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gidanmu, ga marai da kurciya ko'ina. Amma in na ɗauka da waya, baƙin ɗigo kawai nake gani. Sai na sayi babbar kyamara ne?
Daga wani ɗalibi

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Kai ne ke bin tsuntsu, alhali shi ya kamata ya zo ya same ka.

A watan Afrilu, kududdufai sun ƙafe, ba abin da ke jan tsuntsu kamar ruwa. Ni da kaskon ruwa na fara, a gindin dalbejiyar gidanmu. Na farko akuya ta shanye ruwan ta kuma taka shi ya fashe, sai na ɗora na biyu a kan tsohon turmi. Kwana uku tsuntsaye ko gilmawa ba su yi ba. Ran na huɗu kurciya ta sauka, ta waiga hagu da dama, ta tsoma baki ta zuƙa ba tare da ɗaga kai ba, ba irin shan kaza ba. Daga nan marai suka ɓarke. Ka kafa zana kamar taku huɗu daga kaskon, ka huda ta daidai idon kyamara, ka zauna tun an fito sallar asuba. Wayoyi da yawa suna ɗauka in ka danna maɓallin ƙara sauti, ya fi ka riƙa taɓa fuskar waya hannu na rawa. Kada ka jawo hoto fiye da ninki 2, yana dagulewa.

Baƙin ɗigon nan kuwa, hasken sama ne ya rinjayi wayar. Shamuwa baƙa ce, sama ta yi fari fat, sai wayar ta auna sama ta bar tsuntsuwar cikin duhu. Ka ba rana baya, ka dangwala jikinta a allon, ka ƙara haske kaɗan. A nan za ka ga abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba: shuɗin fuskarta, ja-ja a gaban ido, da cikinta fari tas. In wayarka tana da wurin saita gudun ɗauka, sa 1/1000 na daƙiƙa don tsuntsu mai tashi.

Ni dai na fi son ta a ƙasa. Daga kudancin Afirka take tasowa, kuma da ruwan farko ya sauka za ka gan ta a gona tana tsintar fara da tsutsa, ba ta cika tsoron manomi ba. Ka durƙusa a kunyar gona, idonka daidai da nata.

Tsamiyar kuma kada ka hau. Uwar na iya barin ƙwai a rana, tsofaffin garinku ba za su yafe maka taɓa baƙuwar damina ba. Ko a gindinta ma kada ka tsaya da farar riga, ni na gwada.