Ina Sababbin Marubutan Labaran Aljannu da Jarumai Suka Shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Daura. Tun ina firamare ba abin da ke ɗauke mini hankali kamar labarin aljannu, bokaye da jarumai masu takobi. Na karanta na dā har na kusa haddacewa, yanzu kuwa duk shagon da na leƙa sai littattafan soyayya. An daina rubuta irin waɗannan ne? In akwai masu tasowa da ke yi, ina zan same su, kuma me mai ƙaramin ƙarfi irina zai iya yi musu?
Daga wani mai karatu, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba a daina ba. Kasuwar ce ta tashi daga shago ta koma cikin waya, tun da kuɗin takarda da na ɗab'i suka fi ƙarfin yaro mai littafin farko. Masu rubuta labarin yaƙi da sihiri suna nan a zaurukan WhatsApp da Facebook, wasu a manhajojin karatu na Wattpad da ArewaBooks, wasu kuma sai ka ji ana karanta labarinsu a YouTube. Yawanci suna sakin shafukan farko kyauta, in labari ya ɗau zafi su ce a biya. Ka kuma nemi reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, ka tambayi ranar zamansu. A irin wannan zama ne za ka ga yaro ya miƙe da littafin rubutu na makaranta, murya na rawa, yana karanta babinsa na farko.

Kada ka raina irin wannan yaron. A 1933 da Rupert East, Baturen Hukumar Fassara, ya shirya gasar ƙagaggun labarai daga Zariya, Abubakar Imam malami ne a makarantar Midil ta nan Katsina, shekarunsa ashirin da 'yan kai, bai taɓa fitar da littafi ba. Shi ya aika da Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara ya aika da Ganɗoki, aka buga su a 1934, kuma duka biyun da aljannu a ciki. Wato irin labarin da kake so, da shi aka aza harsashin ƙagaggen labarin Hausa na boko, kuma hannun 'yan Katsina na ciki dumu-dumu.

Sai dai ba duk wanda ya jera aljani da boka ne ya iya labari ba. Ni ga yadda nake gwada su. In jarumi ya shiga tsaka mai wuya, sai kawai ya murza zobe komai ya warware, ba ya asarar komai, ba sharaɗin da zai karya ya sha wuya, to ina ajiye labarin. Ko a tatsuniyar da kakanninmu suka yi mana, Gizo yana biyan kuɗin wayonsa. Abu na biyu da ke gundurata shi ne kullum birnin Misra, kullum birnin Sin, sarki wane ɗan wane da suna mai tsawon igiya. Kai da ke Daura, kana wuce rijiyar Kusugu, ka san labarin macijin da ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, ka san Daurama da Bayajidda. Ga Durɓi ta Kusheyi, makabartar sarakunan Katsina na dā, ga ganuwar Katsina da ƙofofinta, ga kirarin maharba da na 'yan tauri da sirrin maƙera. Marubucin da na ga ya waiwayi waɗannan, ko da alƙalaminsa bai gama nuna ba, shi nake bi.

Batun taimako kuwa, ba sai kana da hali ba. In marubuci ya sa wa labarinsa kuɗi, sau da yawa bai wuce na katin waya ba, ka biya. In ka biya kuma, don Allah kada ka tura wa kowa. Wannan turawar ita ke kashe su: mutum ɗaya ya saya, kafin gari ya waye labarin ya zaga zaure goma, wanda ya yi watanni yana dannawa da babban yatsa bai ga ko sisi ba, sai ya bar labarin a rabi ya kama wata sana'a. Abokinka na so? Ba shi lambar marubucin. Haka masu karantawa a YouTube, ka tambaya ko da izinin mai labari suke yi, don wasunsu ko sunansa ba sa faɗa.

Sannan ka bar "Allah ya ƙara basira" kaɗai, kowa na rubuta masa haka. Ka same shi a keɓe ka ce, a babi na uku ka kashe dokin jarumi, a na biyar ga shi yana sukuwa a kansa. Ka nuna masa inda ya rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi. Wanda ya ji haushi ka ƙyale shi, na kirkin zai riƙa turo maka babi kafin ya saki.

Ka zaɓi mutum ɗaya a wannan watan ka karanta shi har ƙarshe. In ya gamsar da kai, rubuto mini sunan labarin da dalilinka, zan sa shi a wannan fili, muddin an kammala shi.